Rangwame a Kasuwannin Intanet: Yadda Mai Saye Zai Bambance Ragi na Gaskiya da Na Yaudara

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira ga kasuwar canji a watan Yunin wannan shekarar, magidanta a Najeriya suka koma lissafin kowane kwabo kafin su fitar da shi. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a watan Disambar 2024, yayin da mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin shekarar ya tsaya a naira 70,000. A cikin wannan yanayi ne tallace-tallacen kasuwannin intanet suka cika wayoyin jama'a, kowanne yana alƙawarin ragin kashi 50, ko 70, ko ma 90 cikin ɗari, haɗe da lambobin rangwame da kyautar kawo kaya.

Wasu daga cikin waɗannan alƙawura gaskiya ne, kuma wanda ya san yadda suke aiki yana iya rage abin da yake kashewa a kan sutura, kayan kicin, kayan makarantar yara da na'urorin waya. Wasu kuwa dabara ce ta sa mutum ya kashe fiye da abin da ya yi niyya. Ga ma'aikacin da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, naira dubu biyar da ta salwanta a kan abin da ba ya buƙata kuɗin motar zuwa aiki ne na kwanaki, ko kuɗin cefanen yini. Saboda haka yana da kyau a fahimci tsarin tun daga tushe.

Manyan kasuwannin da ake hulɗa da su

Kasuwannin intanet da 'yan Najeriya suka fi sani sun kasu gida biyu. Akwai na cikin gida, irin su Jumia da Konga, waɗanda dukansu suka fara aiki a Legas a shekarar 2012. Jumia ta shiga kasuwar hannayen jari ta birnin New York a watan Afrilun 2019, Konga kuma ta koma hannun rukunin kamfanonin Zinox a 2018. Mafi yawan kayan da ke kansu suna cikin ƙasa, ana biya da naira, kuma a wurare da dama ana iya biya bayan kaya sun iso.

Akwai kuma na ƙetare, waɗanda ke turo kaya daga ƙasar Sin. AliExpress na rukunin Alibaba ya fara aiki a 2010. Temu, mallakar kamfanin PDD Holdings, ya fara a Amurka a watan Satumbar 2022, ya kuma shigo Najeriya a ƙarshen 2024 da talla mai yawan gaske a kafafen sada zumunta. Shein kuwa ya fi shahara wajen tufafi da kayan ado.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, akasarin waɗannan dandali kasuwa ce, ba kanti guda ba. Kamar yadda Kantin Kwari a Kano ko kasuwar Balogun a Legas ke ɗauke da dubban masu shaguna, haka dandalin ke ɗauke da dubban 'yan kasuwa, kowa da kayansa da farashinsa. Wannan ne ya sa ake ganin abu iri ɗaya, da hoto iri ɗaya, a farashi uku ko huɗu daban-daban, kuma shi ne ya sa kwatanta farashi a cikin dandali guda kan kawo ragin da ya fi na lambar rangwame.

Daga ina arahar ke fitowa?

Arahar kayan ƙetare tana da dalilai sanannu. Kayan suna tahowa ne daga masana'anta ko babban dila kai tsaye zuwa hannun mai saye, ba su bi ta hannun mai shigo da kaya da mai sari da mai shago ba, alhali kowannensu yana ɗora ribarsa da kuɗin haya. Sannan dandalin kan tilasta wa masu sayarwa yin gasa a tsakaninsu, wanda farashinsa ya fi sauƙi shi ake nunawa a gaba. Haka kuma kamfanin da ke neman kafuwa a sabuwar ƙasa yakan yarda ya yi asara a kan sayayyar farko, domin ya san cewa wanda ya saba da manhaja zai dawo.

Wannan dabara ta daɗe. Tun a ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin Coca-Cola a Amurka ya riƙa raba takardun da ke ba mutum kofi guda kyauta don a ɗanɗana. A kasuwannin gida ma an san gyara da ake yi wa mai sayen hatsi ko tumatir, da ragin da ake yi wa sabon abokin ciniki don ya zama na kullum. Bambancin shi ne, a intanet kwamfuta ce ke lura da abin da mutum ya duba, da wanda ya ajiye bai biya ba, da lokacin da ya fi shiga manhaja, sannan ta tura masa tayin da ya fi yiwuwa ya ja hankalinsa.

Akwai kuma arahar da ke fitowa daga ƙarancin inganci: yadi marar kauri, batir mai saurin mutuwa, ƙarfen da ke tsatsa da wuri. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma babu lambar rangwamen da ke gyara kayan da tun asali ba su da aminci.

Ire-iren rangwamen da ake bayarwa

Na farko shi ne rangwamen sabon mai saye. Yawanci shi ne mafi tsoka, amma sau ɗaya ake cin moriyarsa, kuma ana ɗaure shi da lambar waya, adireshin imel ko katin banki. Hikima ita ce a adana shi don sayayya mai ɗan nauyi da aka daɗe da shiryawa, maimakon a ƙone shi a kan murfin waya na naira dubu biyu. Buɗe asusu da yawa don maimaita wannan rangwame ya saɓa wa sharuɗɗan dandalin, kuma yana iya jawo soke oda ko rufe asusu.

Na biyu shi ne lambar rangwame, wato haɗin haruffa da alƙaluma da ake rubutawa a wani gurbi kafin biyan kuɗi. Kowace lamba tana da wa'adi, tana da iyakar mutanen da za su yi amfani da ita, wani lokaci kuma ta wata ƙasa ce kaɗai. Shi ya sa da yawa daga cikin lambobin da ake yaɗawa a Facebook da TikTok ba sa aiki a Najeriya.

Na uku shi ne rangwamen mai shago, wanda ɗan kasuwa ke bayarwa a kan kayansa shi kaɗai. A wasu dandali ana iya haɗa shi da na dandalin a oda guda, a wasu kuma ɗaya yana kore ɗaya.

Na huɗu shi ne ragin da ke da sharaɗin kai wani adadi, kamar a ce za a rage naira 3,000 ga duk wanda ya sayi kayan naira 30,000. Kyautar kawo kaya ma galibi irin wannan sharaɗi gare ta.

Na biyar shi ne mayar da wani kaso na kuɗi bayan biya, wanda dandalin ko wani banki ko manhajar biyan kuɗi ke yi. A nan sai a duba ko kuɗin na gaske ne da za a iya cirewa, ko kuwa maki ne da ba a iya kashewa sai a cikin manhajar, kuma cikin ƙayyadadden lokaci.

Na shida shi ne ladan gayyata, inda ake ba mutum maki ko kyauta idan ya jawo wasu suka yi rajista. Masu tallata lambobinsu a kafafen sada zumunta suna samun la'ada a kan kowace sayayya, don haka yabon da suke yi wa kaya yabon dillali ne.

Lissafin da ya kamata a yi kafin biya

'Yan misalai za su nuna inda kuɗi ke zurarewa. A ɗauka wata uwar gida ta zuba kayan naira 22,000 a kwandon sayayya, sai manhaja ta sanar da ita cewa idan ta kai naira 30,000 za a rage mata 3,000. Ta ƙara kayan naira 8,000 da ba ta yi niyya ba, ta biya 27,000. A takarda ta samu ragin 3,000, amma abin da ya fita daga asusunta ya ɗara abin da ta tsara da naira 5,000. Ribar tana tabbata ne kawai idan abin da ta ƙara yana cikin abubuwan da dole za ta saya nan gaba kaɗan, kamar takalmin makarantar yaro. Wata hanya mai kyau ita ce 'yan gida ɗaya ko abokan aiki su haɗa buƙatunsu a oda guda, su raba ragin da kuɗin kawowa.

Misali na biyu ya shafi rangwame mai iyaka. Talla ta ce ragin kashi 20 cikin ɗari, amma a ƙananan rubutu an ce ragin ba zai wuce naira 2,500 ba. A kan kayan naira 40,000, mai saye yana zaton za a cire 8,000, alhali 2,500 kawai za a cire, wato kashi shida da ɗigo kaɗan. Haka ma kalmomin "har zuwa kashi 90" suna nufin wasu 'yan kayayyaki ne suka kai wannan ragi, sauran kuwa nasu bai kai haka ba.

Misali na uku shi ne haɗa rangwame biyu. Ragin kashi 30 da aka bi shi da na kashi 20 bai zama kashi 50 ba. Kayan naira 10,000 sukan sauko zuwa 7,000, sannan a cire kashi 20 daga 7,000 ɗin, a biya 5,600. Jimillar ragin kashi 44 ne.

Na huɗu shi ne kuɗin kawowa. Wani ɗan kasuwa ya sa kaya a naira 9,500 da kuɗin kawowa 2,500, wani kuma ya sa irinsu a 11,200 ba kuɗin kawowa. Na farko ya fi ɗaukar ido, amma na biyu ya fi sauƙi da naira 800. Ga mazauna garuruwan da ke nesa da Legas, irin su Sakkwato, Maiduguri ko Yola, kuɗin kai kaya har gida kan yi yawa, kuma zaɓen karɓa a cibiyar ajiye kaya mafi kusa yakan rage shi.

Ƙa'idar da ta haɗe duka misalan ita ce a duba adadin ƙarshe da ke shafin biya, a kwatanta shi da farashin kayan a wani dandalin da kuma a kasuwar gari. Sau da yawa caja ko abin sauraren kunne da aka yi wa ragi a intanet yana nan a wannan farashi, ko ƙasa da shi, a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ko Computer Village a Ikeja, inda mai saye zai gwada kafin ya biya, ya kuma yi tayi.

Lokutan garaɓasa

Akwai lokutan da ragi na gaske ya fi yawa. Ranar 11 ga Nuwamba, wadda ake kira 11.11, Alibaba ne ya mayar da ita ranar garaɓasa a ƙasar Sin tun 2009, kuma ita ce babbar ranar AliExpress. Black Friday ta samo asali ne daga Amurka, ita ce Juma'ar da ke bin bikin godiya na Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. A Najeriya dandalin cikin gida sun faɗaɗa ta zuwa makonni. Ana kuma yin garaɓasa a bikin cikar shekarar kafa dandali, da gab da bukukuwan Sallah da Kirsimeti, da lokacin komawar yara makaranta.

Mai son cin moriyar waɗannan lokuta yana fara shiri tun wata guda kafin su zo. Yana rubuta abubuwan da yake buƙata da iyakar abin da zai kashe, ya ajiye kayan a jerin abubuwan da yake so, ya ɗauki hoton farashinsu na yau da kullum. Idan ranar ta zo, hoton ne zai gaya masa ko an rage ko ba a rage ba. Sai kuma a tuna cewa kayan ƙetare suna ɗaukar makonni kafin su iso, kuma jinkiri yakan ƙaru a lokacin cunkoson oda. Wanda ke son kayan Sallah ba ya jira sai azumi ya raba tsakiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ragin bogi da dabarun matsa lamba

Dabarar da ta fi yawa ita ce farashin da aka ja wa layi. A ɗauka kaya suna naira 18,000 a watan Oktoba. A farkon Nuwamba aka rubuta cewa asalin farashinsu 25,000 ne, aka yi ragin kashi 30, suka dawo 17,500. Ragin gaskiya naira 500 ne, bai kai kashi uku cikin ɗari ba.

Hukumomi a wasu ƙasashe sun tabbatar da faruwar irin wannan. A watan Nuwambar 2024 Hukumar Tarayyar Turai da hukumomin kare masu saye na ƙasashen ƙungiyar suka sanar da Temu cewa sun gano ayyukan da suka saɓa wa dokokinsu, ciki har da ragin ƙarya, iƙirarin cewa kaya sun kusa ƙarewa ko wa'adi ya kusa cika, da tilasta wa mutane juya wata da'irar sa'a kafin su shiga kasuwar. A watan Yulin 2025 Faransa ta ci Shein tarar yuro miliyan 40 kan ragin yaudara, bayan bincike ya nuna fiye da rabin tallan da aka duba babu wani ragi a cikinsu. A Tarayyar Turai doka ta tanadi cewa duk mai shelar ragi dole ya auna shi da farashi mafi ƙanƙanta da ya sayar da kayan a cikin kwanaki 30 da suka gabata. Mai saye a Najeriya yana iya ɗaukar wannan ma'auni ya yi wa kansa aiki da shi.

Agogon da ke ƙirga mintuna, saƙon "saura guda biyu", da wasannin tara maki duk manufarsu ɗaya ce, wato hana mutum tsayawa ya yi tunani. Maganinsu mai sauƙi ne: a bar kaya a kwando su kwana. Idan gari ya waye buƙatar tana nan, a saya. Galibi ma ragin yana nan, wani lokaci har da ƙarin tayi daga dandalin don a kammala biya. Kashe saƙonnin talla na manhajar shi ma yana rage sayayyar da ba a shirya ba.

Kuɗaɗen da ba sa fitowa a talla

Harajin kayayyaki na VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, kuma ya kamata a duba ko yana cikin farashin da aka nuna ko sai a shafin biya ake ƙara shi.

Game da kuɗin fito, Hukumar Kwastam ta Najeriya ta fara aiki da wani tsari a watan Satumbar 2025 wanda ya yafe haraji ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara ga mutum guda, ban da kayan da aka haramta ko aka taƙaita shigo da su. Wannan sauƙi ne ga mai sayen kayan amfanin kansa. Wanda ke yin oda a kai a kai don sayarwa kuwa ya sani cewa yana iya wuce wannan iyaka, don haka ya sanya kuɗin fito cikin lissafin jarinsa.

Sai batun canji. Bankuna da dama sun dakatar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙetare tsakanin 2022 da 2023 saboda ƙarancin dala, wasunsu suka dawo da shi a tsakiyar 2025 da iyakokin da kowane banki ya gindaya. Idan farashin kaya da dala yake, banki ne ke yanke canjin da zai cire, kuma yana iya bambanta da wanda manhajar ta nuna. A kan sayayyar dala 17, bambancin naira 60 a kowace dala ya zama naira 1,020, wanda zai iya cinye wani ɓangare na ragin. Idan aka mayar da kuɗi bayan makonni, canjin ranar mayarwa ne ke aiki. Inda dandali ya ba da damar biya da naira kai tsaye, mai saye ya fi sanin ainihin abin da zai fita daga asusunsa.

'Yan damfara da ke fakewa da garaɓasa

Duk lokacin garaɓasa, saƙonnin bogi kan yawaita a WhatsApp da Facebook, ɗauke da tambarin sanannun kamfanoni, suna shelar kyautar waya ko kuɗi ga wanda ya latsa wani adireshi ya kuma tura wa mutum ashirin. Shafin da adireshin ke kaiwa yakan yi kama da na ainihi, amma aikinsa tattara bayanan katin banki ne.

Alamomin suna da sauƙin ganewa. Ba a sayen lambar rangwame da kuɗi. Babu dandalin gaskiya da ke neman lambar sirrin katin ATM, ko lambar BVN, ko lambar wucin gadi da banki ke turowa ta waya, don ya ba da kyauta. Babu kuma dalilin biyan kuɗi zuwa asusun wani mutum a wajen manhaja. Ɗan kasuwar da ya ce a bar dandalin a tura masa kai tsaye don ya ƙara ragi yana raba mai saye ne da duk wata kariya. Manhaja kuwa a sauke ta daga rumbun manhajoji na Google ko Apple kaɗai.

Yana da amfani a ware asusu ko kati na daban don sayayyar intanet, a riƙa zuba masa daidai abin da za a kashe. Idan aka yi kuskuren ba da bayanan kati, matakin farko shi ne a toshe katin nan take ta manhajar banki ko lambar gaggawar da bankin ya tanada, sannan a kai rahoto.

Bayanan mutum ma suna da daraja. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ba kowa haƙƙin sanin abin da ake yi da bayanansa da kuma janye amincewarsa. Manhajar sayayya ba ta buƙatar shiga jerin lambobin da ke wayar mutum kafin ta sayar masa da takalmi, kuma ana iya hana ta wannan izini a saitin waya.

Inganci da mayar da kaya

Ragi ba ya zama riba sai kayan sun yi aikin da aka saye su dominsa. Kafin biya, a karanta ra'ayoyin waɗanda suka riga suka saya, musamman masu ɗauke da hotunan da suka ɗauka da kansu da kuma masu ƙorafi, domin a nan aibin kaya ke bayyana. A duba awo da santimita, saboda girman tufafin da aka ɗinka don kasuwar Asiya yakan gaza wanda aka saba da shi a nan, kuma tukunyar da ta cika hoto tana iya zama 'yar ƙarama. Kayan lantarki kuwa a tabbatar sun dace da wutar Najeriya mai ƙarfin bolt 230. Na'urar da aka ƙera don wutar Amurka mai bolt 120 kaɗai tana iya ƙonewa da zarar an jona ta.

Akwai kayan da araha ba ta isa dalilin sayensu daga wanda ba a sani ba: magunguna, man shafawa da na gyaran fata, abincin jarirai, kayan wasan ƙananan yara, da batira da cajojin da ke iya haddasa gobara. Magunguna da kayan shafawa da abinci suna ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC, kuma rashin lambar rajistarta a jikinsu dalili ne na ja da baya.

Kowane dandali yana da wa'adin mayar da kaya, kuma wa'adin ya bambanta daga wannan zuwa wancan, har ma daga wani nau'in kaya zuwa wani. A karanta shi tun kafin biya. Idan kaya suka iso, a ɗauki bidiyon buɗe ƙunshin, a ajiye kwali da rasit, a shigar da ƙorafi a cikin manhaja kafin wa'adi ya cika. A kuma lura cewa abin da ake mayarwa shi ne kuɗin da aka biya bayan ragi, kuma lambar rangwamen da aka yi amfani da ita ba lalle ta dawo ba. Idan aka ba da zaɓi tsakanin mayar da kuɗi zuwa kati da zuba su a asusun manhaja, na biyun ya fi sauri, amma yana ɗaure kuɗin a cikin dandalin.

Haƙƙin mai saye a dokar Najeriya

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashi a fili, ta hana shi karɓar fiye da abin da ya nuna, ta kuma haramta talla mai ɓatar da mai saye. Dokar ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa siffar da aka bayyana. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci saboda farashin da ke kan kanta ya bambanta da wanda ake karɓa a wurin biya, abin da ya nuna cewa ana iya aiwatar da wannan tanadi.

Matakin farko ga mai ƙorafi shi ne dandalin kansa. Idan bai samu biyan buƙata ba, yana iya kai kuka ga FCCPC tare da hujjojinsa: hoton talla, rasit, da saƙonnin da aka yi musaya. Idan matsalar ta cire kuɗi ce ba bisa ƙa'ida ba, bankinsa ne zai fara tuntuɓa a rubuce, kuma idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, yana da damar ɗaukaka ƙorafin zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya. Bin haƙƙi a kan ɗan kasuwar da ke wata ƙasa ya fi wuya, shi ya sa kayan da ke da tsada ko ke buƙatar garanti, kamar firiji, talabijin da babbar waya, suka fi aminci a hannun dilan da ke da ofishi a cikin ƙasa.

A taƙaice, rangwame yana amfanar wanda ya shiga kasuwa da jerin buƙatunsa da iyakar kuɗinsa, ya san farashin kaya kafin garaɓasa, ya karanta sharuɗɗa, ya kuma duba adadin ƙarshe kafin ya amince a cire kuɗi. Tambayar da ta fi kowace amfani ita ce ko zai sayi wannan abu da babu ragin. Idan amsar e ce, abin da aka rage masa ya zama tanadi. Idan kuwa a'a ce, kuɗin sun fi amfani a asusunsa.